Ranar Da Muka Sa Aka Yi Wa Majo Kirari

Shekarun baya ƙanena ya dawo daga cin rani kansa ba daidai ba. Ba ya barci, sai magana da bango. An yi rubutu, an yi turare, har muka ɗaure shi a turke. Wanda ya kwance shi wani majo ne, ma'aikacin jinya na asibiti, da ya karanci ciwon taɓin hankali. Allura, ƙwaya, da zaman hira, sai ga yaro ya koma garkar albasa.

To amma mu mutanen Adar sai a hankali. Ba mai gaida majon nan a bainar jama'a, don in ka gaida shi ka faɗa wa duniya akwai mara lafiya gidanku. Ni kaina in na hango shi sai in duƙa ina taya akuyar da ba saye zan yi ba.

Wata rana na je amsar magani majon ya ce, "Na nemi a sauya mani aiki, rigakafin yara za ni koma. Abokan aikina ma majon mahaukata suke ce mani. Wanzami na da sarki, mahauci na da kirari, ni ko sannu ba ni samu."

Na ce, "In ka tahi, wa za ya riƙe muna yaro?"

Ya ce, "Ai turken na nan."

Ranar kasuwar Tamaske na hango shi yana sayen tattasai, na jawo sanƙira na ce a yi masa kirari.

Sanƙira ya ce, "Mi za ni ce? Sana'ar ga ba ta da kirari."

Na ce, "Ƙirƙiro, ba abincinka ba ne?"

Sai ya ɗaga murya: "Mai kwance mari ba guduma! Mai maida ɗa ga uwatai!"

Kasuwa ta yi tsit. Ƙanena ya ratsa mutane ya kama hannun majo ya ce, "Ni aka kwance!" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Jama'a! Sai ga mai hatsi, ga direba, har maƙwabcina da ban san yana da mara lafiya ba, kowa na miƙa hannu. Majo ya rufe fuska da hula yana cewa, "Baba, ka tona ni!" Na ce, "Kanmu muka tona."

Bai tafi ba. Har yau yana nan, furfura ta fito masa a garinmu.

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, amma na gane ba albashi kaɗai ke zaunar da ma'aikaci ba. Wanda ake jin kunyar gaidawa, ko ɗaure shi aka yi sai ya tafi.