Jirgin Manya a Tashar Zariya

Ina 'yar shekara tara Iya, mahaifiyar Babanmu, ta zo mana Doha ta yi wata uku. Baba yana aikin jinya a asibiti, muna zaune a wani ɗan ƙaramin gida a Muntaza, hawa na uku. Iya ba ta son sanyin na'ura, don haka bayan magariba sai ta ƙudundune cikin mayafi a kan darduma, ni da ƙanwata mu zauna a gabanta.

Wata rana na ce mata ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, don a lokacin babu shi a Qatar. Sai ta ce, "To matso. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani."

Tana amarya, in ji ta, takan kai wa Kakanmu abinci tashar Zariya, inda yake aikin juya layi. Ran nan da la'asar wani jirgi ya shigo ba ƙara, tarago uku kacal, fes da shi, tagogi duk labule. Jirgin manyan ma'aikatar jiragen ƙasa ne, ba ya ɗaukar fasinja. Masu talla ma ba sa kusantarsa.

Yayanta Sule shi ne kukun jirgin, kuma ta shekara ba ta gan shi ba. Tana tsaye da kwano a ka, sai aka ɗaga labulen taragon ƙarshe. Ga Yaya Sule cikin fararen kaya, yana kallonta.

"Na ce, Yaya! Yaya Sule! Bai amsa ba. Hannu kawai ya ɗaga mini. Har jirgin ya tashi bai ƙifta ido ba."

Ta koma gida tana fushi, wai ya yi girman kai don yana tare da manya. Washegari saƙo ya iso. Yaya Sule ya rasu a Kaduna tun da asubar ranar da jirgin ya wuce, manyan suka ɗauko gawarsa cikin taragon ƙarshe zuwa Kano.

Ƙanwata ta ƙanƙame ni. Na ce, "Iya, ba ki ji tsoro ba?"

"Tsoron me? Ɗan'uwana ne. Abin da ya dame ni, ban ɗaga masa hannu ba, ina riƙe da kwano."

Baba yana bakin ƙofa da kayan aiki a jikinsa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Iya ba mu take kallo ba, shi take kallo.

Wata biyar da komawarta ta rasu. Kafin Baba ya sami izinin fita daga wajen kafil, wato wanda ya tsaya masa a kan zamansa a Qatar, an riga an kai ta makwanci. Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin na ban tsoro. Sai da na girma, ni ma na yi nisa da iyayena, na gane abin da ya kawo tsohuwa mai ciwon gwiwa har Doha. Sallama ta zo yi wa ɗanta tun yana iya amsawa.