Baki da Maki

Ni ba mai karatu ba ce. Ɗiyata auta ke rubuta wannan. Ina faɗa, tana kallon bakina, tana kuma gyara Hausar tana mai da ita irin ta makaranta. Kallon baki shi ne jinta.

Sanƙarau ya shigo gidanmu a Maiyama tana firamare. Ya tafi da ubanta, ya tafi da wanta. Ita ya bar ta, ya tafi da kunnuwan. Maganarta ba ta tafi ba, don ta riga ta iya. Baƙo zai yi hira da ita har ya tashi bai gane komai ba, muddin yana fuskantarta.

A bakina ta koya. Ni kuwa ba ni da yawan magana, haƙoran gaba ma babu, don haka har yau ina mamakin yadda aka yi. Na sha tambayarta. Ta ce leɓe yana da nasa rubutu, sai dai rubutun marowaci ne, kalmomi da yawa riga ɗaya suke sawa. Miya da biya kamanninsu ɗaya. Baki da maki da baƙi duk ɗaya. Sai ta duba abin da ake ciki ta zaɓa. Wata rana ta dawo daga makaranta na ce mata mun yi baƙi, ta ce, "Inna, ai ba a raba takardun ba tukuna."

Sana'ata gabu. Nakan sayi lawashin albasa a gonakin Aliero, in daka, in dunƙula, in shanya, in kai kasuwar Jega. Da shi na riƙe ta har ajin ƙarshe na sakandare.

A wannan shekarar wata babbar makaranta da ke wajen Aliero ta nemi yaran sakandare masu ƙoƙari a kimiyya, su riƙa zuwa ranar Asabar suna ɗaukar darasi irin na manyan ɗalibai. Aka zaɓe ta. Akwai sharaɗi. Za a yi gwaji biyu, wanda ya faɗi duka a sallame shi a ba wani gurbin. Yarinyar tana son ta yi aikin asibiti, kuma ta ce ta nan ƙofar take.

Kafin a fara, wata mata a ofishinsu ta kira mu, don an rubuto mata cewa yarinyar na da lalura. Mace ce mai fara'a. Ta faɗi abin da suka tanada: kujerar gaba, takardar darasi tun kafin a shiga aji, da ƙarin lokaci ranar gwaji. Na ce ƙarin lokacin na mene ne, ga hannunta lafiya lau? Ta ce wani lokaci akan yi bayani da baki a ɗakin gwaji, sai an tsaya an rubuta mata. Na ce to, ban yi wannan tunanin ba. Auta ta roƙi abu ɗaya, kada a gaya wa 'yan aji. A Maiyama kowa da kurma ya san ta. Tana son ta sami wuri guda da ba a kiranta haka. Matar ta yarda.

Gwajin farko ta faɗi. Ba faɗuwa ta kusa ba.

Na tambaye ta, ta ce Turanci ne. Ban yarda ba. A sakandare ma ai da Turanci ake yi, kuma ba ta taɓa kawo mini irin wannan ba. Ban yi faɗa ba. So nake in san me ke cikin ajin nan da ya fi ƙarfin idonta.

Ranar Asabar na ɗauki buhuna na ce zan je sayen lawashi. Muka shiga mota ɗaya zuwa Jega, muka sake wata zuwa Aliero. Da ta shige aji, na zagaya na zauna a gindin dalbejiyar da ke daura da taga. Mai gadi ya dube ni, ya dubi buhun, ya ƙyale ni.

Ga ta nan a kujerar gaba. Ga takarda a gabanta. Duk abin da aka yi alkawari an yi. Kanta kuwa a sunkuye. Sauran 'yan matan ma haka, duk sun sunkuyar da kai. Malamin matashi ne dogo, da gashin baki mai kauri da ya sauko ya rufe leɓen sama. Yana kai da komo. Rabin maganarsa allo yake yi wa. In ya zo kusa da ita sai ya ɗaga murya, har ni da ke waje ina jin ta a ƙirjina. Ihu yake yi wa yarinyar da ko aradu ba ta ji.

Na bari sai da muka sauka tashar Jega muna jiran mota ta cika. Na kama haɓarta na juyo da ita.

"Mi ya hana ki kallonai?"

"Ba komai, Inna."

"Ni za ki gaya ma ba komai?"

Sai ta faɗa. Asabar ɗin farko ta zuba masa ido kamar yadda ta saba. Da aka fita shan iska, wasu samari 'yan ajin suna can nesa a bakin famfo suna dariya. Sun ɗauka nisa ya ɓoye su. Ta karanta a bakinsu: amaryar Malam. Wata yarinya kuma ta ja ta gefe ta ce ta rage kallon nan, namiji ne fa, kuma babba. Shi kansa Malam da ya lura da ido a kansa sai ya tsargu. Ya riƙa sa hannu a baki, yana juyawa wajen allo. Daga ranar ta sunkuyar da kai kamar kowace ɗiya mai tarbiyya. Aji ya mutu mata.

Na saki haɓarta. Haka aka tashe ni, haka na tashe ta: yarinya ba ta kallon babba a fuska. Bayan ciwon ne muka saki wannan a gida ba tare da mun yi maganarsa ba, malaman Maiyama kuma suka saba. Bai taɓa zo mini ba cewa akwai wanda ladabi zai toshe wa kunne.

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar kasuwa na sami auduga na cusa a kunnuwana, na ja ɗankwali na ɗaure tamau. Na ce bari in gwada. Na zauna a gaban gabuna ina kallon bakunan mutane. Ban tsinci komai ba sai "nawa", shi ma don na san abin da ake tambaya ke nan. Bakin mutum yana da sauri. Wani na tauna goro, wani ya kau da kai, wata ta ja gyale ta rufe. Kafin azahar idanuna sun yi zafi, kaina na sarawa. Na je wajen wani mahauci da muka daɗe da sanin juna, na zuba wa bakinsa ido. Ya yi magana, mutane suka fashe da dariya. Na zare audugar na ce ya maimaita.

"Cewa na yi, Hajiya, in aure kika zo nema ki faɗa, ki bar cinye ni da ido."

"Da wanga bakin naka? Ko akuya ba ta so."

Aka sake dariya. Amma na gane abu biyu. Aikin da ɗiyata ke yi kullum ya fi daka wuya. Kuma babu mai son a kalli bakinsa, ko tsohon mahauci.

Na ce mata za mu ga Malam. Ta ƙi. Na ce saura gwaji ɗaya, ta zaɓa, ko ta buɗe baki ko ta ba wani kujerar. Ta ce to, amma da sharaɗin nan nata, 'yan aji kada su sani.

Muka same shi da safe kafin a shiga aji. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa.

"Inna, sannu da hanya. Lafiya dai ko?"

"Lafiya. Ɗiyar nan ba ta ji."

"An gaya mini tana da matsalar ji. Shi ya sa nake ɗaga murya in na zo gabanta."

"Ko ka kira sallah a kunnenta. Da ido take ji. Bakinka take kallo."

Ya tsaya. Hannunsa ya tafi baki, ya lura, ya sauke.

"Innalillahi. Ni kuwa na ɗauka wani abu ne a fuskata. Har madubi na duba."

Na fara gaya masa abin da zai yi, sai ya ɗaga hannu. "Yi haƙuri, Inna. Ga mai abin a tsaye, bari in ji daga gare ta." Ya juya ya tambaye ta me take bukata. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Kanta na ƙasa, ba ta ma san ana yi da ita ba. Na zungure ta da gwiwar hannu.

Ta ɗago a hankali. Ta dube shi, ya dube ta, kowa na jin nauyin kowa. Ya sake faɗa, ta karanta. Sai ta yi magana, kuma abin da ta faɗa ni kaina ban san shi ba. Ta ce ihu ɓata baki yake yi, ya yi magana yadda ya saba. Ta ce babbar wahalarta sababbin kalmomin kimiyya ne, don ba ta taɓa ganin su a bakin kowa ba. In zai rubuta kalma a allo, ya juyo ya faɗe ta tana kallo, shi ke nan ta riƙe fuskarta. Ta ce kada ya tsaya da taga a bayansa, fuskarsa duhu take yi. Ya ɗauki biro yana rubutawa kamar shi ne ɗalibin.

Da ta gama, na san akwai saura da ba za ta iya faɗa ba. Na nuna gashin bakinsa.

"Wannan kuma labule ne."

Ya yi dariya har da hawaye. "Shekara nawa ina kiwonsa, Inna!"

"Ka yi kiwon wani abu."

Saura maganar samarin. Na gaya masa sunan da suka sa mata, na gaya masa ba ta son a tona. Ni a raina bulala ce magani. Ya ce a'a, in ya hukunta su kowa zai tambayi dalili. Ya ɗan yi tunani ya ce in bar masa.

Asabar mai zuwa na koma gindin dalbejiyar. Lawashi bai ƙare mini ba, gani nake son yi. Malam ya shigo, gashin baki an rage shi sai ɗan layi. Aji ya ɗauki ƙus-ƙus. Ya tsaya wuri ɗaya ya yi magana da Hausa, shi ya sa na ji. Ya ce daga yau akwai doka. Kalmomin nan ba a koyonsu da kunne kaɗai, sai an ga yadda baki ke yinsu. Duk wanda ya sunkuyar da kai yana magana, mace ko namiji, zai fita waje.

'Yan matan suka ɗago ɗaya bayan ɗaya, suna danne dariya da bakin hijabi. Wani daga baya ya ce wani abu, na kusa da shi suka tuntsire.

"Kai mai baki, taso," in ji Malam. "Dawo nan gaba ka kalle ni da kyau. Na yi aski dominka."

Yaron ya dawo gaba yana sosa ƙeya. Ɗiyata na zaune a tsakiyar masu kallo, ba a bambanta ta da kowa. Na ga wuyanta ya miƙe.

Ba a gyara mutum rana ɗaya. Yakan manta ya juya wa allo yana magana. Sai ta ƙwanƙwasa tebur da biro, ya juyo ya maimaita. Wata Asabar wani malami ya riƙe masa ajin, ta dawo ba ta tsinci komai ba, sai takarda ta bi. Daga baya ita da kanta ta gaya wa yarinyar nan da ta ce ta rage kallo. Yarinyar ta yi kuka, ta koma zama kusa da ita tana nuna mata shafi da yatsa in Malam ya tsallake zuwa wani. Ban sani ba ko samarin sun gane. Auta ta ce sun daina magana a inda za ta hango su, don haka tana zaton sun gane.

Ranar da aka raba sakamakon gwaji na biyu ban bi ta ba. Ina tsakar gida ina daka lawashi ta yi sallama. Na aje taɓarya na juya mata fuska.

"Maki?"

Ta waiga bakin ƙofa. "Baƙi? Su wa?"

"Ke, ni za ki yi ma iskanci?"

Ta yi dariya ta miƙo takardar. Na ce me zan yi da ita, ta faɗa da baki. Ta ce ta tsallake. Ba da yawa ba, da ƙyar, amma kujerar tata ce. Na ce to, ta cire hijabi ta zo ta kama mini dunƙulawa kafin rana ta yi sanyi.

Yanzu ta ɗago daga rubutun tana kallon bakina, tana jiran in ci gaba. Na rufe shi. Ta ce shi ke nan? Na ce awo.