Malam Toma a Jebba

Malam Toma ya shekara ashirin da shida yana koyar da tarihi a wata sakandare a Samarun Zariya. A Muchia yake zaune, kullum da sassafe ya hau tsohon babur ɗinsa, alli a aljihu, ya nufi makaranta. Mutum ne marar hayaniya, ko goro ba ya ci. Abu guda ne ke ci masa rai, shi ma ba wanda ya sani.

A shekararsa ta biyu da kama aiki, yana ba da labarin wani Bature ɗan Skotlan da ya bi kogin Kwara har ya rasa ransa a ciki, sai wani ɗalibi ya tambaye shi ko ya taɓa ganin ginin tunawa da shi da ke Jebba. Malam Toma bai taɓa wuce Kaduna ba, amma ya ce ya gani. Daga nan labarin ya riƙa girma shekara bayan shekara: ya shafa ginin da hannunsa, ya ci kifi a gindinsa, har kwana biyu ya yi a garin.

A 2004 maƙwabcinsa Oladipo, mai shagon buga katin biki a Sabon Gari, ya ɗauki shatar bas zuwa Ilorin don aurar da 'yarsa. Cikin 'yan rakiya har da Malam Toma da Keziya, tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu suke koyarwa tare.

Suna isa Jebba da azahar Keziya ta ce, "Baba Oladipo, don Allah a ɗan tsaya. Malam zai kai mu wurin da ya daɗe yana ba mu labari."

Malam Toma ya ce za a makara. Oladipo ya ce ba komai, dama direba zai ci abinci.

Haka Malam Toma ya shige gaba, mutum goma sha biyu na biye da shi cikin rana, bai san inda ya dosa ba. Kusa da layin dogo ya hangi wani tsohon ginshiƙin siminti, ya tsaya, ya cire hula, ya fara bayani. Wata Banufiya mai ƙyafaffen kifi tana gefe tana saurare.

"Baba," ta ce a hankali, "wannan ai ƙafar tsohon tankin ruwa ce. Na Baturen yana can gaba."

Oladipo ya yi gyaran murya ya ce ai shekaru da yawa, gari ya canja.

"Bai canja ba," in ji Malam Toma. "Ban taɓa zuwa ba."

Sauran suka bi kwatancen matar. Shi kuwa ya gangara bakin kogi ya zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, yana tuna fuskokin yaran da suka rubuta ƙaryarsa a littattafansu. Can sai ga Keziya ta dawo ita kaɗai.

"Malam, ka taso mu je. Ba nisa."

"Ki bar ni, 'yata."

"Ni dai saboda kai na karanta tarihi. Ba zan shiga mota ba sai ka gani."

Ya tashi ya bi ta. Ya tsaya gaban ginin ya karanta rubutun da ke jiki har ƙarshe, amma da aka zo ɗaukar hoto ya koma gefe.

Da suka dawo Zariya ya roƙi shugaban makaranta a ba Keziya manyan azuzuwan, shi ya koma 'yan aji ɗaya. Bayan shekara biyu ya ajiye aiki, ya kama noman albasa a wata fadama. Oladipo bai taɓa tayar da maganar ba, amma Malam Toma ya yi kusan wata huɗu yana zagayawa ta bayan layi don kada ya bi ta ƙofar shagonsa.