Tayil Dubu Talatin da Talatin da Ɗaya

Na daɗe ina shakkar ko halin lamba, ta rabu ko kar ta rabu, ya taɓa shafar wani a wajen aji. Sai da na zauna da Gajere, mai shimfiɗa tayil.

Shekara ashirin yana aiki ƙarƙashin yayansa. Yayan ne ke awo, shi kuma ya kwaɓa siminti ya jera. Suna tsakiyar aikin wani babban gida sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da yayan, baki ya rufe. Abin da ya bari kawai kwalayen ƙananan tayil da ya yi oda don dogon barandar gidan, da takarda mai lamba ɗaya, adadin tayil ɗin: 30,031. Bangon barandar na biyu ba a ma ɗora shi ba. Birkila na zaune kan bulo yana jira a faɗa masa faɗin.

Injiniyan da ke kula da ginin ya zaro kalkuleta don ya gano tayil nawa za su cika faɗin kowane layi ba tare da saura ba. Ya raba da biyu, saura ɗaya. Da uku, da biyar, da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, kullum ɗayan nan na tsaye kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Ya kai hamsin, ya gaji. Ya ce irin lambobin nan ne da ba sa rabuwa sai da kansu, don haka babu barandar da za ta cika daidai. Ƙila, in ji shi, kan tsohon ya riga ya fara taɓuwa lokacin da ya rubuta. Zuwa azahar zai kira wasu ma'aikatan.

“Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar ɗin,” in ji Gajere.

“Kai da ko lissafin sau bakwai sai ka haɗa da yatsun ƙafa?” Birkila ya tuntsire da dariya.

Gajere ya karɓi takardar. Ya durƙusa a kan siminti da guntun gawayi. Bai iya dogon rabawa ba, sai dai ya ɗebe, ya sake ɗebewa. Hamsin da ɗaya ta ƙi. Hamsin da uku ta ƙi, har ya ɓata a tsakiya ya koma farko. Gumi na ɗiga kan lambobin. Hamsin da biyar, hamsin da bakwai. Yana jin injiniya a ƙofa yana yi wa wani kwatancen gidan ta waya.

A hamsin da tara ya ɗebe na ƙarshe, sai ya ga ba komai. Tayil hamsin da tara a faɗi, layi ɗari biyar da tara, ko ɓarɓashi babu. Ya miƙe ya faɗa wa injiniya. Injiniya ya danna, ya sake dannawa, sannan ya ce wa birkila ya ja igiyar bango.

Na tambayi Gajere me ya hana shi tsayawa a hamsin, inda mai kalkuleta ya tsaya.

Ya ce, “Ai ni ban san lambar ba, malam. Yayana na sani.”