Dikko Mai Waya da Gobarar Rumbuna

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe ya san Dikko Mai Waya, in bai gan shi ba ya ji ana dariyarsa. Dogo ne kamar gwangwala, manomi ɗan manomi, iyakar saninsa maiwa da dawa. Ladabi kuwa Allah ya ba shi har ya zama ciwo. Ko jaki ya gani da sabon akumari sai ya kauce masa hanya.

Zamanin da kuɗin mai suka hau kan gwamnati, ba a daɗe da yanke Jihar Sakkwato ba, 'yan kwangila suka kafa ƙarfe a bakin hanyar garinsu, suka maƙala jan akwati mai waya da maɓalli guda. Suka ce in wuta ta tashi ko mota ta faɗi, kowa ya danna, za a amsa daga Tambuwal. Ƙasa-ƙasa suka yi shi don ko gurgu ya kai. Maigari ya ce Dikko ya riƙa sa ido.

Sa ido aka ce, shi kuwa ya ji kamar rawani aka naɗa masa. Ya kewaye akwatin da zana, ya garƙama kwaɗo, ya rataya mabuɗin a wuya tare da layarsa. Goggo Kaltume mai fura, wata gurguwa da ke zama a gindin tsamiyar wurin, ta ce, "Dikko, waya ka aje ko amarya? Yaushe za a buɗe muna kanta?"

"Goggo, kayan hukuma na, ba na kowane gaja ba."

Wata kaka, an gama kai amfanin gona gida, da rana tsaka wuta ta kama rumbunan bayan gari. Na Dikko ne na can ƙarshen layi, abincin gidansa na shekara duk yana ciki. Goggo ta rarrafo wurin waya, ta tarar da kwaɗo. Aka kwaɗa wa Dikko kira daga masussuka. Ya sheƙo a guje, ya wuce wayar, ya faɗa gida.

Goggo ta ce, "Ina za ka, ɗan nema?"

"Ba ni magana da hukuma da 'yar shara!"

Mutane na ta ɗibar ruwa kowa na kare nasa, gogan naka yana neman hula. Ya fito cikin babbar riga, ya tuɓe takalmi, ya buɗe kwaɗo, ya danna, ya durƙusa gaban akwati.

Murya ta ce, "Tambuwal nan. Lafiya?"

Tun da uwarsa ta haife shi Dikko bai taɓa tarbar babba da mugun labari ba. Ko gawa ce a ɗaka, sai an gaisa.

"Lahiya lau, ranka shi daɗe! Ina wuni? Ina gajiya? Ya aiki?"

"Lafiya dai kuke can?"

"Lau lau, sai godiya."

"To ku bar wasa da waya." Ƙit, aka ajiye.

Ya sake dannawa. Mutumin na jin "ina wuni" ya kuma kashewa. Goggo ta ture shi da kafaɗa, ta fizge wayar ta danna, ta kurma ihu: "Wuta! Wuta ta cinye mu, ku taho, ku bar jin wanga sakarai!"

Motar kashe gobara ta zo kam, ta yi wa toka wanka. Ko da an kira ta da wuri za ta iso a kan wannan hanya, Allah masani. Amma maƙwabta sun ceci nasu da tulu da ƙwarya, na Dikko ne babu mai tsaya masa. Ko zangarniya ba a fitar ba.

Shekarar nan gidansa da hatsin surukai aka ci tuwo. Matarsa Husaina ta riƙa zarya Sanyinna gidan ubanta da jakin aro, tana dawowa tana jera masa gaisuwa: "Ina wuni, ranka shi daɗe? Ya yunwa?"

Bai bar gadin ba har tsufa, ko bayan wayar ta daɗe da mutuwa zanzaro ya yi gida a ciki. In aka tayar da zancen gobara, ba hatsin ke ci masa rai ba. Sai ya girgiza kai ya ce, wai babban ma'aikaci guda, ko mutanen gida bai tambaye shi ba.