Barkonon da Na Shuka Don Yajin Jego

Ranar da ’yata ta fari ta gaya mini tana da ciki, kasa zama na yi. Na shiga ɗaki, na fito, na sake shiga. A gidanmu uwa ce ke daka yajin jego ta kai wa ’yarta. Sai na ce a raina, wannan yaji da barkonon da na shuka da hannuna zan yi shi.

Gidan haya muke a Jimeta, tsakar gidan duk siminti. Na tattara tsofaffin bokitai, na huda gindinsu, na zuba ƙasa da kashin akuya. Irin kuwa maƙwabciyata ce ta ba ni, wata ’yar Ganye. Barkonon garinsu ne, ƙanana masu zafin tsiya.

Da suka tsiro har guɗa na yi ni kaɗai. Amma ni akwai fargaba, ga kuma zafin Yola. Da na ga ganye ya ɗan langaɓe da rana sai in ruga in ɗauko buta. Safe ruwa, azahar ruwa, yamma ruwa. Suka yi fure fari tas, sai furen ya riƙa zubewa. Cikin ’yata na girma, ni ko ɗan barkono ɗaya ban gani ba.

Maƙwabciyata ta tsoma yatsa a bokiti, ta zaro shi duk taɓo.

“Adda, barkono kika shuka ko shinkafar tafkin Njuwa?”

“Ƙishi fa suke ji,” na ce.

“Ke ce dai ke jin ƙishin. Kawo butar nan.”

Ta tafi da ita ɗakinta. Ba ta ba ni sai in ƙasar ta bushe. Da rana nakan juya wa bokitan baya don kada tausayi ya kama ni. Ba a daɗe ba, sai ga ’ya’ya kore shar sun leƙo. Ranar da na farko ya yi ja, duk wanda ya shigo gidan sai da na ja shi ya gani, har mai kawo mana ruwa.

Haihuwa ta zo da wuri. Abin da na shanya bai cika kwano ba. Maƙwabciyata ta ce in ƙara da na kasuwa, wa zai sani?

“In aka tambaye ni ko duk ni na shuka, me zan ce?”

Na daka shi haka nan da citta, kanumfari, masoro da kimba. Muka yi ta atishawa muna dariya. ’Yar kwalba ɗaya ya cika. Na rungume ta a keke napep har gidan ’yata a Yolde Pate, ina jin kunyar ƙanƙantarta.

Na tarar an kawo wa mai jego farfesun kaza. Ta barbaɗa kaɗan, ta kurɓa. Idonta ya kawo ruwa.

“Dada! Kashe ni za ki yi?”

Na miƙa hannu zan karɓe kwalbar, ta ture shi, ta ƙara barbaɗawa. Da muka ji sallamar ’yan barka a zaure, sai ta yi wuf ta tura kwalbar ƙarƙashin matashi.

“A ba su na kasuwa,” ta ce.