Wankan Harsashi

Maigidana ma'aikacin jinya ne, bai taɓa mallakar bindiga ba, amma yana tara harsasai. Ba masu tashi ba, irin waɗanda aka zazzage wa albarushi aka huda musu ciki. In Asabar ta same shi babu aiki, sai ya tuƙa mota zuwa jihar Virginia, inda masu irin wannan sha'awa ke baje kolinsu, ya dawo da ɗaya ko biyu a aljihu. Jera su yake yi cikin wani akwati mai murfin gilashi a falonmu na garin Silver Spring, nan ƙasar waje. Akwai dogaye na tagulla, akwai gajeru masu ƙiba, akwai kuma wasu tsofaffi jajaye masu jikin takarda, waɗanda ya fi ƙauna don sun yi kama da na babansa. Ni nawa goge gilashin ne kawai.

Shekarar da na haifi auta, mahaifiyarsa ta zo daga Filato don ta taya ni jego. Matar maharbi ce, kuma a shekarun rikici ta ga abin da harsashi ke yi wa ɗan Adam. Ko akwatinta ba ta buɗe ba idonta ya faɗa kan gilashin.

"Waɗannan fa?"

"Matattu ne, Mama," in ji shi.

"Wa ya kashe su?"

"Wanda ya sayar mini."

"Kana wurin?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. "To ɗan boko, ko su ko ni. Ba zan zauna da jikokina kusa da wuta ba. Ka nemo mini jirgi."

Ya ɗauko guda ya nuna mata hujin, ya girgiza shi a kunnenta. Ta ce maciji ma yakan kwanta kamar igiya. Daga nan shi bai zubar ba, ita kuma ba ta kwance kayanta ba. Ni ce mai jego, ni ke bukatarta, amma ban sa baki ba. Ubangiji kaɗai na gaya wa.

Wata safiya yana asibiti, na fito daga ɗaki na tarar da akwatin gilashin fanko. A banɗaki na same ta zaune kan 'yar kujera, bahon wankan jaririya a gabanta cike da ruwan ɗumi, harsasan duka kwance a ciki. Ruwan ya yi ja. Masu jikin takardan sun kumbura sun buɗe baki kamar jiƙaƙƙen wake.

"Mama!"

"Kar ki damu, 'yata. Uban mijinki in damina ta taɓa albarushinsa, ko zomo ba ya iya harbi. Ruwa ne maganinsa."

Da ya dawo da la'asar, ya tsaya a ƙofar banɗakin da rigar aiki a jikinsa. Ya tsoma hannu ya ɗago ja guda, ya rabe a yatsunsa. Sai ya juya ya dube ta.

"Sannu da aiki, Mama."

"Yauwa. Yanzu ne suka mutu."

Ran nan ta buɗe akwatinta, ta fito mana da daddawa da yaji. Na tagullan muka shanya kan faranti a baranda kamar barkono, sauran ya naɗe a tsumma ya kai shara da kansa.

Ta zauna har auta ta fara rarrafe. Duk sabon da ya sayo sai ya miƙa mata da hannu biyu, ya kwana a baho kafin ya shiga gilashi. Bai ƙara sayen mai jikin takarda ba, har bayan tafiyarta.